Kura da Shan Bugu, Harvard da Karɓar Kuɗi

A watan Maris na 2021 wata kotu a jihar Massachusetts ta Amurka ta yanke hukunci cewa hoto mallakin wanda ya ɗauka ne, wanda aka ɗauka ba shi da komai a ciki. Da a kan hoton biki ko na suna ake jayayya, da ba mai ɗaga kai. To amma hotunan da ke gaban alƙali na wani dattijo ne mai suna Renty da 'yarsa Delia, bayi a jihar Carolina ta Kudu, waɗanda aka tuɓe wa tufafi a 1850 aka zaunar da su gaban na'urar ɗaukar hoto. Kotu ta dubi wannan ta ce doka doka ce, kayan na Jami'ar Harvard ne. Wato mutumin da bai mallaki jikinsa ba yana raye, shekara 171 bayan haka aka sake jaddada cewa ko kamanninsa bai mallaka ba.

Wanda ya sa aka ɗauki hotunan shi ne Louis Agassiz, ɗan ƙasar Suwizalan, shehin malami a Harvard, wanda a zamaninsa babu masanin halittu a Amurka da ya kai shi suna. Tun a 1846, yana sabon zuwa, ya rubuta wa mahaifiyarsa wasiƙa daga Filadelfiya yana ba ta labarin ƙyamar da ya ji da ya ga baƙaƙen fata na kawo masa abinci a otal. Wannan ƙyamar ce ya naɗa wa rawanin ilimi. Ya ce baƙi da fari ba tsatso ɗaya suka fito ba, kowane an halicce shi daban, kuma ba sai an faɗa maka wanda ya ɗora a sama ba. Masu gonakin auduga suka karɓi maganar hannu bibbiyu, domin duk mai cin haram yana neman malamin da zai halatta masa.

Da Agassiz ya je Carolina ta Kudu a 1850, wani likita mai suna Robert Gibbes ya zaga da shi gonakin da ke kewayen garin Columbia yana nuna masa bayin da aka haifa a Afirka, yana dudduba su. Bayan ya tafi, Gibbes ya kai mutanen shagon wani mai hoto, Joseph Zealy. Mutum bakwai ne: Renty da Delia, Jack da 'yarsa Drana, sai Alfred da Fassena da Jem. Hotuna goma sha biyar suka rage har yau. An ɗauke su ta gaba, an ɗauke su ta gefe, wasu ma tsirara haihuwar uwarsu. Matan biyu an sauke masu riga har ƙugu. Uba da 'yarsa, jama'a! A jikin kowane hoto aka liƙa 'yar takarda mai sunan mutum da ƙabilarsa da ubangidansa. Renty an ce daga Kwango, Fassena kafinta ne Bamandinke, Alfred kuma aka rubuta cewa Bafulatani ne. Duk wanda ya san yadda Bafulatani ya ɗauki kunya, ya san abin da aka yi wa wannan bawan Allah a shagon nan.

Irin hoton wancan lokacin ba kamar na wayar hannu ba ne. A kan farantin tagulla da aka shafe da azurfa ake ɗaukarsa, ba shi da fim ɗin da za a sake wankewa, kowane guda ɗaya ne tak a duniya. Kuma sai mutum ya ƙame, ba motsi, har hasken ya kama. Saboda haka Delia ba wucewa take yi aka ƙyasta mata ba. Zaunar da ita aka yi, aka ce kada ta motsa, ta zauna a haka ƙirji a buɗe gaban maza har suka gama. Farantin da Harvard ta riƙe shi ne ainihin wanda ya kasance tare da ita a ɗakin.

Agassiz bai taɓa buga hotunan ba. Suka ɓace a ɗakin ajiyar da ke saman gidan tarihi na Peabody a Harvard, sai a 1976 aka yi kiciɓis da su a cikin wata durowa. Mai hankali zai zaci jami'ar za ta sunkuyar da kai ta fara cigiyar zuriyar mutanen nan. Ina! Sai ta ga ta tsinci dami a kala. Hotuna ne da ke cikin mafi daɗewa na bayi a Amurka, don haka suka zama kadara. Mai son bugawa sai da izininta. A shekarun 1990, Carrie Mae Weems, baƙar fata mai fasahar hoto, ta yi amfani da su a wani aiki nata da ke tona asirin wannan cin mutunci, sai Harvard ta yi mata barazanar kai ta kotu. Ba a yi shari'ar ba, daga baya ma jami'ar ta sayi aikin nata, amma a lura da wanda aka ce ya yi laifi: baƙar mace da ta nuna hoton, ba gidan da ya sa aka tuɓe mutanen ba. Fuskar Renty ta hau bangon littafin da ake sayarwa dala 40. A 2017 kuma ta hau bangon takardar wani babban taro da Harvard ta shirya kan jami'o'i da bauta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A cikin masu sauraro a taron nan akwai Tamara Lanier, 'yar jihar Connecticut. Ta tashi tana jin mahaifiyarta na ba da labarin kakansu, Baba Renty, mutumin Afirka da ya koya wa kansa karatu yana kuma koya wa wasu a ɓoye, a jihar da doka ta haramta koya wa bawa karatu. Uwar ta rasu a 2010 bayan ta bar mata wasiyyar ta rubuta tarihin gidansu. A 2011 Lanier ta rubuta wa shugabar Harvard ta lokacin, Drew Faust, wadda ita kanta masaniyar tarihin kudancin Amurka ce. Aka yi ta yi mata hanya-hanya. Da ta gaji, ta shigar da ƙara a watan Maris na 2019.

Akwai hujja biyu da masu kare jami'ar ke kawowa, kuma duka biyun suna ƙara mini takaici. Ta farko, wai ba don Harvard ba da hotunan sun lalace. Wane adanawa? Abin da ya yi shekaru aru-aru a durowa ba wanda ya san yana nan? Ko da ma an adana, riƙe kayan sata da kyau bai taɓa mai da shi halal ba. Ta biyu ita ce mai ciwon: wai ina shaidar cewa Lanier jinin Renty ce? A ƙidayar Amurka ta 1850 ba a rubuta sunayen bayi ba. Sunan ubangida ake sawa, a ƙarƙashinsa a jera shekaru da jinsi da launin fata. Sai a 1870 aka fara ƙirga waɗannan mutane da sunayensu. An raba uwa da ɗa a kasuwa, an hana su aure a hukumance, an hana su rubutu. Tsarin da ya ƙone takardun shi ne yau ya miƙo hannu yana cewa a kawo takarda. Kuma labarin da uwa ta ba 'yarta ba shaida ba ce, amma 'yar takardar da likitan masu bayi ya liƙa, ita ce tarihi.

Hatta jikokin Agassiz sun fi jami'ar kunya. A 2019 su 43 suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa suna cewa a ba matar nan hotunan kakanninta. A watan Yuni na 2022 kotun ƙolin jihar Massachusetts ta amince cewa Harvard na da hannu a mummunan abin da ya haifar da hotunan, ta ba Lanier damar neman diyyar ƙuncin da aka jefa ta, amma batun mallaka ta bar shi inda yake. Sai a watan Mayu na 2025, bayan shekara shida ana bugawa, jami'ar ta yarda ta saki hotunan ga gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka da ke Charleston, wanda aka gina a bakin tashar jirgin ruwan Gadsden inda aka sauke dubban 'yan Afirka cikin sarƙa. Wuri ne da ya dace, ban musa ba. Amma kada wanda ya ce mini in yi wa Harvard tafi. Jami'ar da dukiyar asusunta ta haura dala biliyan 50, wadda a 2022 ta yi shelar ware dala miliyan 100 don wanke tarihinta na bauta, ita ce ta tsaya tana ja da mace ɗaya 'yar fansho. Ko a ranar sulhun sai da ta nanata cewa ba ta tabbatar da dangantakar Lanier da Renty ba. Hotunan kuma ba a hannun Lanier aka damƙa su ba.

Mu ma da ke tura irin waɗannan hotuna a Facebook da WhatsApp da sunan tsoffin hotunan da ba a cika gani ba, akwai abin faɗi a kanmu. Ba suna, ba shekara, ba tambayar ko mai hoton ya yarda, sai a danna a wuce. Alhali bambancin a fili yake ga mai son gani. Sojourner Truth, wadda ta kuɓuta daga bauta, ita ta riƙa zaɓar tufafinta da zamanta a hoto, ta yi rajistar haƙƙin mallakarsa da sunanta a 1864, tana sayarwa tana ciyar da kanta. Frederick Douglass, shi ma tsohon bawa, ya zauna gaban na'ura kusan sau 160, cikin kwat, fuska a ɗaure, da gangan, don kada a ce ga bawa mai murna. Waɗannan su suka ba mu hotunansu. Drana ba ta ba kowa nata ba, kuma duk wanda ya tura ƙirjinta a waya don neman tsokaci, aikin Zealy yake ƙarasawa.

Wanda kuma ya zaci an rufe babin, ya koma kan rahoton da Harvard ta fitar da kanta a 2022. A ciki ta amsa cewa a ɗakunan ajiyarta akwai ƙasusuwan mutum 19 da ake kyautata zaton bayi ne, ga na 'yan asalin ƙasar Amurka kusan 7,000. Faranti goma sha biyar sai da aka yi shekara shida a kotu kafin a ɓamɓare su daga hannunta. Waɗannan kuwa gawarwaki ne, a cikin kwalaye, masu lamba a jiki, mutanen da ko kabari ba a bar masu ba.