Ba suna ke yanke hukunci ba

Ƴan uwa, ranar 10 ga watan Yuni 2021 majalisar dattawan Amurka ta tabbatar da Zahid Quraishi a matsayin alƙalin kotun tarayya a jihar New Jersey. Sanatoci 81 suka amince, 16 suka ƙi. Shi ne Musulmi na farko da ya hau irin wannan kujera. Da jin sunan, da yawanmu sai mu ce madalla. Ni dai ra'ayina, alƙali ba a auna shi da suna ko addini, da sawun da ya bari ake auna shi.

To mu bi sawun. An haife shi a birnin New York a 1975, iyayensa ƴan asalin Pakistan ne. Ya kammala karatun lauya a jami'ar Rutgers a 2000. A 2003 ya shiga soja a matsayin lauyan rundunar, aka tura shi Iraƙi sau biyu, a 2004 da 2006. Da ya tuɓe kaki, ya yi wa hukumar shige da fice aikin lauya, sannan ya zama mai gabatar da ƙara na gwamnatin tarayya daga 2008 zuwa 2013. Daga nan ya koma kamfanin lauyoyi mai zaman kansa, har 2019 da aka naɗa shi alƙalin majistare na tarayya.

Wannan matsayi na majistare ya kamata mu gane shi. Ba shugaban ƙasa ke naɗa shi ba, manyan alƙalan kotun yankin ne da kansu ke zaɓen sa, na wa'adin shekara 8. Shi ke sa hannu a takardar izinin bincike ko kamu, gabansa ake fara kai wanda ake tuhuma, shi ke duba batun beli. Wato a hannunsa talaka ke fara gane ko shari'a ta san da zamansa. Kujerar da shugaba Joe Biden ya zaɓe shi ya hau kuwa daban take: ba ta da wa'adi, sai mutuwa, ko murabus, ko majalisa ta tsige mutum. Shi ya sa sai an titsiye shi gaban sanatoci, duniya na kallo.

A nan ne abin ya ɗaure mini kai. A zaman tantancewar, sanata Dick Durbin ya tambaye shi me ya sani game da shari'ar Musulunci, yana mai cewa shi kansa yana jin nauyin tambayar. Quraishi ya ce bai san komai a kai ba. Alhali kundin tsarin mulkin Amurka ya hana a yi wa mutum jarrabawar addini kafin a ba shi muƙami. Da sunansa John ne, wa zai yi masa wannan tambaya?

Tambayoyin da suka fi cancanta, wasu masu fafutukar kare haƙƙin Musulmi a Amurka ne suka ɗaga su. Suka ce a bayyana wace shawara ya riƙa bai wa soja kan mutanen da ake tsare da su a Iraƙi, a zamanin da hotunan azabtarwa na kurkukun Abu Ghraib suka girgiza duniya. Suka ce a faɗi rawar da ya taka a shari'o'in baƙin haure. Tambaya ba zargi ba ce. Wanda zai kwashe shekaru talatin yana yanke wa bayin Allah hukunci, jama'a na da haƙƙin sanin yadda ya yi da marar ƙarfi lokacin da ƙarfi ke hannunsa. Wasu sun ce wa masu tambayar ku rufa wa ɗan uwanku asiri, kada ku ɓata rawa da tsalle. Ni kuwa na ce sun yi daidai.

Na san za a ce ganin irinka a kujerar alƙali ma wani abu ne. Gaskiya ne, yaron baƙo da ya ga Zahid a kujera zai san ƙofar ba a kulle take ba. Amma dubi Adeel Mangi, lauyan da Biden ya zaɓa a 2023 don kotun ɗaukaka ƙara. Aka tsare shi da tambayoyi kan Hamas da harin 11 ga Satumba, har wa'adin majalisa ya ƙare ba a kaɗa masa ƙuri'a a zauren ba. Ka ga ke nan, muddin suna ne ma'auni, yau ya ɗaga ka, gobe ya kayar da kai.

Don haka duk sa'ad da aka gabatar mana da mai neman kujerar shari'a, ko a ina ne, kada mu tsaya a ɗan wane ne, ina yake salla. Mu tambaya: wa ya kare, wa ya sa aka ɗaure, kuma ya taɓa ce wa mai mulki a'a? Ranar da aka gurfanar da kai, amsar waɗannan ce za ta cece ka.