Ɗaliban Lauya da Manhajar Ƙirga Kwanakin Masu Jiran Shari'a

Duk sa'ad da Hukumar Kula da Gidajen Gyaran Hali ta fitar da alƙalumanta, abu ɗaya ne ba ya sauyawa: kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya, waɗanda yawansu ya haura 70,000, babu kotun da ta same su da laifi. Jiran shari'a suke yi. A cikinsu akwai wanda ya riga ya daɗe a tsare fiye da wa'adin da za a ɗaure shi da ma an same shi da laifin. Ra'ayina shi ne, ɗaliban koyon aikin lauya, da wayoyin da ke hannunsu, za su iya rage wannan zalunci fiye da yadda ake zato, muddin ma'aikatun gwamnati suka buɗe masu ƙofa.

Ba doka muka rasa ba. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar da ba ta wuce kilomita 40 ba, ko kwana biyu idan ta fi haka nisa. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda ke aiki a kotunan tarayya da na Birnin Tarayya, ta ƙara fayyace lamarin. Sashe na 33 ya wajabta wa shugaban kowane ofishin 'yan sanda ya kai wa majistare rahoton waɗanda aka kama ba tare da sammaci ba a ƙarshen kowane wata. Sashe na 34 ya ce majistare ya riƙa ziyartar wuraren da ake tsare mutane aƙalla sau ɗaya a wata. Sashe na 296 ya ƙayyade umarnin tsarewa na farko ga kwana 14, kuma ba a sabunta shi sai da dalili. Sashe na 111 kuma ya umarci shugaban gidajen gyaran hali ya riƙa aika wa manyan alƙalai da Antoni Janar sunayen waɗanda suka wuce kwana 180 suna jiran shari'a, duk bayan kwana 90.

Wanda ya lura zai ga cewa duk waɗannan tanade-tanade lissafi ne na kwanaki. To, wa ke ƙirgawa? Sanannen abu ne yadda mutum ke ɓacewa a tsarinmu. Ɗan sanda ya kai shi gaban majistaren da ba shi da hurumin sauraron tuhumar, a ba da umarnin ajiye shi har sai an samu shawarar lauyoyin gwamnati. Daga nan a yi wa ɗan sanda mai bincike canjin wurin aiki, fayil ya maƙale tsakanin ofisoshi biyu, ranar zaman kotu ta zo babu motar kai shi. Ba lallai ne a samu wanda ya yi nufin cutar da shi ba. An manta da shi ne kawai, kuma talaka da ba shi da lauya ba shi da mai tunawa da shi.

A nan ne manhaja ke da amfani, domin na'ura ba ta mantuwa. Abin da ake bukata ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: rumbu mai ɗauke da sunan wanda ke tsare, ranar kama shi, tuhumar da ake yi masa, kotun da ta ba da umarni, da ranar da wa'adin zai cika. Idan kwana 14 suka cika ba a sabunta umarni ba, saƙo ya isa ga lauya mai kula da shari'ar da magatakardan kotu. Idan mutum ya haura kwana 180, sunansa ya hau jerin da za a miƙa wa Babban Joji kafin ziyararsa ta rage cunkoso.

Masu aikin ma suna nan. Tun 2003 aka kafa ƙungiyar NULAI, wadda ta yaɗa ɗakunan taimakon shari'a kyauta a tsangayoyin koyar da lauya na jami'o'in ƙasar nan, inda ɗalibai ke shiga gidajen gyaran hali suna tattaunawa da tsararru a ƙarƙashin kulawar malamansu. Hedikwatar Makarantar Horar da Lauyoyi tana Bwari, Jami'ar Abuja tana da tsangayar lauya, ga kuma gidajen gyaran hali na Kuje da Suleja da Keffi kusa da juna. Hukumar Ba da Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976, ba ta da lauyoyin da za su iya bin kowane fayil a faɗin ƙasa. Ɗalibi ba shi da izinin tsayawa gaban alƙali, amma yana iya bin sawun fayil, ya gano inda ya maƙale, ya nemo dangin da za su tsaya beli. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wannan dabara tana iya aiki a fagen kare muhalli. Ƙarar gurɓata ƙasa ko ruwa takan faɗi ne saboda rashin hujja. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara kafin a farga. A 2018 kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar da wata ƙungiyar sa ido kan malalar mai ta shigar a kan kamfanin NNPC, ta amince cewa ƙungiya mai kishin jama'a tana da 'yancin kai ƙara a kan ɓarnar muhalli. Ƙofar kotu ta buɗe kenan. Ɗalibin da ya san irin hujjar da kotu ke karɓa zai iya koya wa mutanen ƙauye ɗaukar hoto mai ɗauke da rana da wuri, ya adana shi yadda lauyan ɗaya ɓangaren ba zai iya rushe shi ba.

Sai dai akwai abubuwa uku da ke iya ɓata wannan aiki. Na farko, sirri. Sunan mutum da tuhumar da ake yi masa amana ce, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai tattara irin waɗannan bayanai. Wanda kotu ba ta same shi da laifi ba bai kamata sunansa ya yi yawo a wayoyin ɗalibai ba. Na biyu, harshe. Manhajar da ba ta jin Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin buroka, kuma ba ta iya aika saƙo ga ƙaramar waya, ba za ta isa ga uwar da ke neman ɗanta ba. Na uku shi ne mafi girma, wato ɗorewa. Ɗalibi baƙo ne a jami'a: shekara biyar ya tafi. Sau da yawa akan ƙaddamar da shiri da kuɗin tallafin waje, a yi taro a otal, a ɗauki hotuna, tallafin na ƙarewa shirin ya mutu. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Saboda haka maganar tawa da ma'aikatan tarayya take, da masu taimaka wa ministoci da 'yan majalisa. Ku ne ke rubuta takardar da minista zai sa wa hannu, ku ne ke tsara abin da zai shiga kasafin kuɗi. Ma'aikatar Shari'a da ta Harkokin Cikin Gida za su iya ƙulla yarjejeniya rubutacciya da tsangayoyin lauya, wadda za ta fayyace bayanan da ɗalibi zai gani da wanda zai amsa tambaya idan aka samu kuskure. Rumbun bayanan ya zauna a hannun hukuma mai ɗorewa, kamar Hukumar Ba da Taimakon Shari'a, ɗalibai su riƙa miƙa wa na bayansu aikin kamar yadda ma'aikaci ke miƙa ofis. Jami'o'i kuma su sanya aikin cikin makin ɗalibi, domin kada ya zama na ganin dama.

Wani zai ce bai dace a shigar da yara cikin harkar da ta shafi tsaro ba. Amsa ita ce, cunkoson gidajen gyaran hali shi kansa barazana ne ga tsaro. Harin da aka kai gidan gyaran hali na Kuje a ranar 5 ga Yuli, 2022, inda sama da mutum 800 suka tsere, ya nuna haɗarin rashin sanin takamaiman wanda ke hannu. Duk marar laifin da aka sallama ya rage wa ma'aikata nauyi, ya rage wa baitulmali kuɗin ciyarwa, ya ba jami'ai damar sa ido a kan masu haɗari na gaskiya.

Majalisa ta yi nata tun 2015. Abin da ya rage shi ne wanda zai buɗe rajista, ya bari a ƙirga kwanakin. Wannan rajista kuwa a kan teburin ma'aikacin gwamnati take.