Naman ɗakin gwaje-gwaje: Abin da ke hana shi isa kasuwa, da abin da ya kamata mu tanada

A watan Agustan 2013 aka soya wani curin niƙaƙƙen naman shanu a gaban ’yan jarida a birnin Landan, naman da bai taɓa zama a jikin saniya ba. Farfesa Mark Post na Jami’ar Maastricht da ke ƙasar Holan ne ya rene shi daga ƙwayoyin halittar tsoka, kuma aikin ya laƙume fiye da dala dubu 300, kuɗin da Sergey Brin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Google, ya biya. Waɗanda suka ɗanɗana sun ce ya yi kama da nama, sai dai ba shi da maiƙo.

Daga wannan rana zuwa yau batun ya fita daga hannun masana kaɗai, ya shiga majalisu da ofisoshin hukumomi. Singafo ce ta fara ba da izinin sayar da irin wannan nama a watan Disambar 2020. Amurka ta bai wa kamfanonin Upside Foods da Good Meat izini a watan Yunin 2023, Isra’ila kuma ta amince da naman shanun kamfanin Aleph Farms a farkon 2024. A ɗaya ɓangaren, Italiya ta haramta shi a watan Nuwambar 2023, jihohin Fulorida da Alabama na Amurka suka bi sahu a 2024, suna masu cewa suna kare makiyayansu.

Mai sauraron wannan ja-in-ja zai ɗauka kwanan kara da mayanka ya ƙare. Amma wanda ya leƙa yadda ake aikin zai tarar cewa farashin wannan nama, da halaccinsa, da amincinsa ga lafiya, duk sun rataya ne a kan abubuwa biyu da ba kasafai ake ambatonsu ba, wato shimfiɗar da ƙwayoyin tsoka ke kwanciya a kai da abincin da ake ba su.

Yadda tsoka ke ginuwa

A gefen kowane zaren tsoka akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke kwance ba sa komai sai an ji rauni. Masanin nan Alexander Mauro ne ya bayyana su a 1961. Da zarar tsoka ta yage, sai su farka su hayayyafa, sannan su jeru su haɗe da juna su zama sabon zare mai tsawo. Su ne ake ɗebowa daga jikin dabba ko mutum, a sa su cikin akwatin reno mai ɗumin digiri 37, daidai da ɗumin jikin ɗan Adam.

Sai dai waɗannan ƙwayoyi ba sa rayuwa suna yawo a cikin ruwa. Dole su sami abin da za su manne wa, idan ba haka ba su mutu. A cikin jiki, suna kwance ne a kan wata saƙa ta sirarran zaruruwan furotin, wadda ke nuna musu inda za su fuskanta. Idan aka zuba su a kan farantin roba mai sumul, sai su bazu ta ko’ina babu tsari, kamar zaren da ya cukurkuɗe. Tsokar da zarenta bai jeru ba kuwa ba ta iya jan komai, kuma a baki ba ta da taunar nama.

Aikin shimfiɗa

Nan ne fasahar nano ta shigo. Nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin biliyan ɗaya na mita, kuma kaurin gashin kai guda ya kai wajen nanomita dubu 80. Ƙwayar halitta tana jin tudu da kwari na wannan ƙanƙanta, kamar yadda tafin ƙafa ke bambance tabarma da siminti. Don haka masana ke ƙera mata shimfiɗa mai kwaikwayon ta cikin jiki. Wata hanya ita ce a tura narkakken sinadari ta bakin allura a ƙarƙashin lantarki mai ƙarfin dubban bolt, sai ya fito a matsayin zaren da kaurinsa bai wuce ɗaruruwan nanomita ba, a naɗe shi a kan ganga mai juyawa domin ya jeru. Wata hanyar kuma ita ce a tsaga ƙananan kunyoyi a kan faranti, ƙwayoyin su bi su kamar yadda shuka ke bin kunya a gona.

Taurin shimfiɗar ma yana da tasiri. Wani bincike da aka wallafa a 2006 daga ɗakin gwaje-gwajen Dennis Discher a Jami’ar Pennsylvania ya nuna cewa ƙwayoyin asali iri ɗaya sukan karkata zuwa zama na jijiyar ƙwaƙwalwa a kan shimfiɗa mai laushi ƙwarai, na tsoka a kan mai matsakaicin tauri, na ƙashi kuma a kan mai tauri. Haka nan, tun da tsoka da saƙon lantarki take motsawa, ana gwada cakuɗa shimfiɗar da abubuwa masu ɗaukar lantarki, irin su ƙurar zinare da girafin, wato fallen gawayi mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya da aka fara warewa a Jami’ar Manchester a 2004. Da su ake ɗan girgiza ƙwayoyin, abin da ke zame musu motsa jiki har su ƙara ƙwari.

A nan ne hanyar likita da ta mai sayar da abinci suka rabu. Mai binciken magani ba ruwansa da ko shimfiɗar tana ciyuwa. Mai son sayar da nama kuwa dole shimfiɗarsa ta kasance abin ci, mai araha, wadda hukuma za ta yarda ta shiga cikin mutum. Shi ya sa masana a Jami’ar Harvard suka reni ƙwayoyin tsokar zomo da ta shanu a kan zaren jelatin a 2019, wasu kuma a cibiyar Technion ta Isra’ila suka yi amfani da furotin ɗin waken soya a 2020. Duk da haka akwai sauran rina a kaba, domin iskar numfashi ba ta ratsa tsoka fiye da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na milimita idan babu hanyoyin jini. Falle mai siriri yana samuwa, amma tsoka mai kaurin da mai tsire zai yanka tana ruɓewa daga ciki.

Abincin da ya fi naman tsada

Ruwan da ake reno a ciki ya ƙunshi sukari, gishiri iri-iri, bitamin da sinadaran gina furotin. Waɗannan kaɗai ba sa isa, sai an ƙara wasu furotin masu umartar ƙwaya ta rabu biyu. Shekara da shekaru ana samo su ne daga ruwan jinin tayin saniya, wanda ake zuƙa a mayanka idan an yanka saniya mai ciki, kuma akan zuba kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Lita ɗaya ta wannan ruwa tana kai wa ɗaruruwan daloli. Kamfanoni sun ƙirƙiro ruwan reno marar jini, har Singafo ta amince wa Good Meat amfani da shi a watan Janairun 2023, amma har yanzu abincin ƙwayoyin ne ke cin kaso mafi girma na kuɗin sarrafawa.

Ga kuma matsalar tsabta. Ƙwayoyin da ke cikin tanki ba su da garkuwar jiki, don haka ƙwayar cuta guda na iya lalata tankin baki ɗaya. Wannan ya sa masana’antar ta fi kama da ta haɗa allurar rigakafi, da irin tsadar da ke tattare da ita. Sakamakon ya bayyana a kasuwa. Lokacin da aka fara sayar da kazar Good Meat a wani shagon nama na Singafo a watan Mayun 2024, kashi 3 cikin ɗari ne kawai na abin da ke cikin ledar ya fito daga ƙwayoyin kaza, sauran duk furotin ɗin tsirrai ne. Duniya kuwa tana samar da kimanin tan miliyan 350 na nama a kowace shekara.

Halacci ma a nan yake

Ga Musulmi, tambayar ta sake komawa kan waɗannan abubuwa biyu, tare da asalin ƙwayar. A fiƙihu, yankin da aka cire daga jikin dabba mai rai hukuncinsa na mushe ne, jinin da ya kwarara haramun ne, jelatin ɗin kasuwa kuma da yawansa daga fatar alade ake yi. A watan Satumbar 2023, wasu malamai uku na Saudiyya da Good Meat ya nemi ra’ayinsu sun ce naman zai iya zama halal idan ƙwayar ta fito daga dabbar da ake ci kuma aka yanka ta bisa shari’a, aka ciyar da ita da abin da ya halatta, kuma ba ya cutarwa. Kamfanin da kansa ya amsa cewa kazarsa ta lokacin ba ta cika sharuɗɗan ba. Majalisar Addinin Musulunci ta Singafo ta fitar da fatawa mai kusantar wannan a watan Fabrairun 2024. Ke nan babu wanda zai iya yanke hukunci ta kallon ledar, sai an san abin da aka zuba a tanki.

Inda amfanin ya fi kusa

Idan kasuwar nama ta yi nisa, asibiti ya fi kusa. A 2015 masana a Jami’ar Duke ta Amurka, ƙarƙashin Nenad Bursac, suka reni tsokar ɗan Adam da ke motsawa idan an taɓa ta da lantarki, kuma take nuna illar magani kamar yadda ake gani a jikin majiyyaci. Irin wannan ɗan yanki ya wadatar wajen gwada magunguna da nazarin cututtukan gado masu cinye tsoka, irin su cutar Duchenne da ke kama yara maza. Burin da ake hange shi ne a cike gurbin tsokar da haɗarin mota ko harsashi ya ɗebe, wadda jiki ba ya iya mayarwa da kansa. Likita ’yan giram yake buƙata, kuma tsadarsu ba ta hana amfani da su.

Abin da ya rage mana

Dillalin shanu a Potiskum ko Maigatari ba shi da dalilin fargabar wannan nama a shekarun nan. Tsadar abincin dabbobi, rashin tsaro a hanyoyin kiwo da kuɗin jigila zuwa Kudu su ne ke barazana ga cinikinsa, kuma su ne ya kamata Ma’aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi da aka kafa a 2024 ta sa a gaba. Amma ƙasar da ke shigo da kayan gwangwani da na leda ba za ta jira sai kaya sun iso tashar Apapa ba sannan ta fara tambaya. Tun a watan Afrilun 2023 hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da rahoto kan amincin irin wannan abinci, wanda hukumar NAFDAC za ta iya ɗora ƙa’idojinta a kai. Ya dace ƙa’idojin su tilasta wa mai shigo da kaya ya bayyana dabbar da aka ɗebi ƙwayar daga jikinta, da abin da aka yi shimfiɗar da shi, da abin da ke cikin ruwan reno, kuma a sa malaman fiƙihu a zaman tun daga farko.

Jami’o’inmu da asibitocin koyarwa kuma, idan ana son su shiga ɓangaren likitanci na wannan bincike, abin da za a fara ba su shi ne wutar da ba ta ɗaukewa, domin ƙwayar da aka rena makonni tana iya mutuwa a dare ɗaya idan akwatin reno ya huce.