Takardar Jamusanci Ba A Sayenta, Nomanta Ake Yi

Edita,

Ina roƙon ka taimaka ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi magana da 'yan'uwana manoma da ƙananan 'yan kasuwa a kan wani al'amari da ya shigo mana ƙauyuka, wato maganar tura yara ƙasar Jamus da takardar shaidar iya Jamusanci da ake nema kafin a tafi.

Ni dai ba ɗan boko ba ne, iyakata firamare. Da damina ina noma gero da dawa da ɗan gyaɗa, da rani kuma in zauna a tiredata a bakin kasuwa ina sayar da sabulu da ashana da sukari. To amma shekara biyu ke nan da wani abu ina kallon yaron gidana yana fama da wannan harshe, kuma daga aljihuna kuɗin ke fita, saboda haka abin da zan faɗa ba jita-jita ba ce, da idona na gani.

Da farko dai a san cewa maganar aiki a Jamus ba ƙarya ba ce. Mutanensu suna tsufa, matasa sun yi musu kaɗan, suna neman masu jinya da masu aikin hannu. A watan Maris na 2020 suka fara aiki da wata doka da ta sauƙaƙa wa baƙi masu sana'a shiga ƙasar, suka kuma ƙara sassauta ta a 2023 da 2024. Akwai kuma tsarin koyon sana'a na kimanin shekara 3, wani lokaci yaro yana aji wani lokaci yana wurin aiki, ana ba shi ɗan abin kashewa duk wata. Sai dai fa da Jamusanci ake koyarwar, ba da Turanci ba. Shi ya sa suke cewa sai ka nuna takardar iya harshen tukuna.

To a nan ne macuta suka sami ƙofa. A shekarar 2023 wani ɗan birni ya zo garinmu da mota mai sheƙi, ya ce shi dillalin tafiya Jamus ne, wai a mako shida zai sa yaro ya iya harshen, in ma bai iya ba akwai hanyar da za a bi a fito masa da takardar. Ni ma ya zo har tiredata ya yi mini daɗin baki, kuma wallahi sai da zuciyata ta raya mini in jinginar da gonar gado. Allah Ya taimake ni yaron da kansa ya ce, "Baba, a bari in bincika tukuna." Wani maƙwabcina kuwa, bawan Allah, bai jira ba. Ya sayar da fadamarsa da yake noman rani ya danƙa kuɗin. Aka kawo takarda mai hatimi har da ado. Ranar da ɗansa ya je neman biza aka yi masa 'yar tambaya da Jamusanci, ya tsaya yana raba ido. Aka duba lambar takardar aka ga ta jabu ce. Yau ga shi ba fadama, ba tafiya, dillali kuma wayarsa a kashe. Yanzu ƙwadago yake yi a gonar da a da tasa ce. Gani ga wane ai ya ishi wane tsoron Allah.

Bari in yi wa jama'a bayanin yadda abin yake, kamar yadda yaron ya zaunar da ni ya fahimtar da ni. Turawa sun kasa iya harshe hawa shida: A1, A2, B1, B2, C1 da C2. Mai A1 shi ne wanda ya iya gaisuwa da faɗin sunansa da tambayar kuɗin kaya, kamar Bayeraben da ya yi wata biyu a Sabon Gari. Shi ne ma ake nema a wajen matar da za ta bi mijinta can. B1 shi ne hawa na tsakiya, wato mutum ya iya biyan buƙatarsa ta yau da kullum, ya ba da labarin abin da ya same shi, ya faɗi ra'ayinsa ya kawo dalili, ya kuma rubuta wasiƙa a gane. Shi ne galibi ake nema ga mai zuwa koyon sana'a, kuma shi ake nema ga wanda ya daɗe a can yana son zama ɗan ƙasa. Wanda kuwa ya riga ya zama ma'aikacin jinya a nan yana son a amince da shi a can, yawanci sai ya kai B2.

Cibiyar Goethe, wadda ita ce ta gwamnatin Jamus mai yaɗa harshensu, kuma tana da reshe a Legas tun 1962, ta ce kafin mutum ya kai B1 yana buƙatar darasi 350 zuwa 650, kowane darasi minti 45. To ni ɗan kasuwa ne, na ɗauki biro na buga lissafi a bayan kwalin sukari. Ko mafi ƙarancin ka ɗauka, wato 350, in ka raba shi a mako shida na dillalin nan, sai yaro ya yi sama da awa 6 kullum a gaban malami, ba Juma'a ba Lahadi, ba ciwon kai, ban da bitar da zai yi shi kaɗai. Wannan kuwa ga mai kaifin ƙwaƙwalwa ke nan. Jama'a, wa ya taɓa shuka dawa yau ya girbe ta bayan kwana arba'in?

Yaron nawa da waya ya fara. Mu da muka tashi muna sauraron Sashen Hausa na Muryar Jamus, tun suna Kolon kafin su koma Bon a 2003, ashe gidan rediyon nan yana da darussan Jamusanci kyauta a intanet, har da wani mai suna Nicos Weg da yake ɗaukar mutum daga A1 zuwa B1. Kuɗin data da na caji kawai nake biya. Wata shidan farko abin gwanin daɗi, kullum da sabuwar kalma. Har ni na tsinci wasu. Na ji cewa su lissafi a juye suke faɗinsa, ashirin da ɗaya sai su ce ɗaya da ashirin. Na ce kai, in ni ne a kasuwarsu ai sai an cuce ni a canji. Na kuma ji cewa mu namiji da tamata muke da su a magana, su kuwa uku gare su, akwai na ukun da ba namiji ba mace, kuma wai kalmar yarinya ma a cikinsa take. Abin da ya burge ni shi ne suna da kalmar girmamawa, yadda mu ba ma ce wa babba "kai" sai "ku", su ma haka.

Amma da ya wuce A2 ya doshi B1 sai tafiya ta tsaya cik. A nan ne nake son iyaye su buɗe kunne, domin a nan yawancin yara suke zubar da abin. Yaro yana karatu kullum amma ya ga kamar ba ya gaba. Ya gane abin da aka rubuta, amma in ya buɗe baki sai maganar ta sarƙe. A doguwar jimla sukan kai aikatau can ƙarshe, sai ka jira mutum ya gama kafin ka san ya saya ne ko ya sayar. Kalmomin da ake so mai B1 ya sani sun kai wajen 2,400. Wata rana ya jefar da littafin ya ce shi ya gaji, gara ya koma acaɓa. Na ce masa, "Kai yaro, ka san lokacin marka? Hatsi ya ƙare a rumbu, sabo bai nuna ba, ciyawa ta taso, ga maimai yana jira. Wanda ya gudu a lokacin nan shi ne ba ya cin tuwon kaka. Wannan markarka ce, koma ka ɗauki fartanyarka."

Abin da ya fitar da shi abu uku ne, kuma na rubuta su ne don wani ya amfana. Na ɗaya, ya daina karatu a zuci, ya koma yi da baki. Mun sami wani dattijo a cikin gari da ya yi karatun injiniya a Jamus tun yana saurayi, duk ranar kasuwa yaron yakan je su yi awa guda ba Hausa ba Turanci. Na biyu, ya yanka kwalaye ƙanana, gaba Jamusanci baya Hausa, in ba ciniki sai in riƙa ɗaga masa ina tambaya, ni da ban san abin da ke jiki ba. Masu sayen ashana har dariya suke yi mana. Na uku, na sayar da buhunan gyaɗa na biya masa ajin dare na wata huɗu a wajen malami na gaske, mai gyara masa rubutu da jan biro. Waya tana koyarwa, amma ba ta ce maka ka yi kuskure yadda mutum zai faɗa maka.

Ita jarrabawar B1 ɗin kashi huɗu ce. Akwai karatu minti 65, sauraro kamar minti 40, rubutu minti 60, sai magana kamar minti 15, inda ake haɗa ka da wani ɗalibi ku tsara wani abu tare, sannan kowa ya yi bayani a kan wani batu a yi masa tambaya. A rubutun wasiƙa ce ga aboki, da faɗin ra'ayi, da gajeriyar wasiƙa ta girmamawa irin wadda ake yi wa shugaba. Kowane kashi maki 100 ne, kuma sai ka sami 60 ka ci. Ƙarfinka a wani kashi ba ya ceton rauninka a wani. Ban da ta Goethe akwai wasu da ake karɓa, irin su telc da ÖSD ta ƙasar Ostiriya, amma kowacce sai ka zauna da kanka an ga fuskarka da fasfonka.

A 2025 yaron ya hau mota ya tafi Legas ya zauna. Ba zan ɓoye muku ba, bai cinye duka ba. Ya ci karatu da rubutu da magana, ya faɗi sauraro da maki kaɗan. Ya ce wasu maganganun sau ɗaya tak ake sa su, kuma ba Jamusawa kaɗai ke magana a ciki ba, har da mutanen Ostiriya da Suwizalan, waɗanda harshensu ya ɗan karkata, kamar a ce wanda ya koyi Hausar Kano a haɗa shi da Basakkwace. Ranar da sakamako ya fito ban iya cin tuwon dare ba, don na san abin da na kashe na mota da masauki da kuɗin jarrabawa. Amma da yake kashi-kashi ce, ukun da ya ci suna nan a hannunsa, ɗayan kaɗai zai sake. Yanzu haka kullum bayan sallar asuba yana sauraron labaransu na rabin awa, yana kuma gwada tsofaffin tambayoyi da agogo a gabansa. Darasin da muka koya shi ne, iya harshe daban, sanin yadda jarrabawa take daban, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san wani zai ce, to kai da ka bi ta gaskiya ga shi har yau ɗanka yana gida, me ka fi maƙwabcin naka da shi? Amsa ita ce, gonata tana nan, kuma abin da ya shiga kan yaron ba mai ƙwace shi. Ban ce takardar B1 biza ce ba. Bayanta sai an sami wurin da zai ɗauke shi, sai an duba takardun makarantarsa, kuma ana iya hana shi. Ba kuma na cewa kowa ya kwashi 'ya'yansa ya tura Turai, in duk suka tafi wa zai riƙe mana garma? Abin da nake cewa shi ne, wanda ya yi niyya ya shiga ta ƙofa. A ce ma takardar jabun ta wuce, yaro ya isa can aka sa shi jinyar tsohuwa, ta ce masa ƙirjinta ke ciwo shi kuwa bai ji ba, ran wa aka yi wasa da shi? Wannan ba cutar Bature kaɗai ba ce, haƙƙin rai ne, kuma sunanmu ne gaba ɗaya zai ɓaci.

Dattijon nan injiniya ya ba ni wani labari da ya tsaya mini a rai. Ya ce a 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano bayan ya ƙetare Sahara, kuma kafin ya iso sai da ya koyi Hausa a hanya, da ita ya yi hulɗa da mutane har ya rubuta labarin kasuwar Kano da masaƙanta da marinanta. To in shi ya ga bai isa ya shigo mana gari da bakin aro ba, don me mu za mu tura namu 'ya'yan garinsu kurame?

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana iyaye, duk wanda ya zo muku da maganar takardar Jamusanci ba tare da zaman jarrabawa ba, ku ba shi ruwa ya sha ku sallame shi. Kada ku sayar da gona a kan alkawarin baki. Ku gwada yaron tukuna da darasin kyauta na wata shida, in ya jure to ku sa kuɗinku kaɗan-kaɗan, hawa bayan hawa. Ina kuma roƙon masu unguwanni da dagatai da limamai su riƙa faɗakarwa, gwamnatocin jihohinmu na Arewa kuma su duba yiwuwar buɗe azuzuwan harsuna a makarantun koyon jinya da na sana'a, don ɗan talaka ya huta da dogon zuwa neman malami. Ku kuma samari, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Ina roƙon masu karatu su sa yaron nan a addu'a. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga sharrin macuta, amin. Wassalam.

Naku mai karanta ku kullum,
Wani manomi mai tireda,
daga ƙasar Kano.