Tsakanin Kwalejin Tudun Wada da Kasuwar Fanteka

 Wannan magana ce a kan babbar makarantar sana'a da ke Tudun Wada ta Kaduna, wadda samari ke kira Foli, da abin da ya wajaba malamai da 'yan kasuwa su lura da shi game da 'ya'yan da suke aikawa can.

An buɗe makarantar nan a shekarar 1956, zamanin da Sardauna Ahmadu Bello yake Firimiyan Jihar Arewa, kuma nufin da aka yi da ita a fili yake. Arewa tana da alƙalai da malamai da akawuna, amma masu sanin inji da lantarki da awon gini sai an nemo su daga nesa. Shekara guda bayan haka, watau 1957, masaƙar farko ta fara aiki a Kakuri, ƙetaren kogi, sa'an nan waɗansu masaƙun suka biyo baya. Yaro ya gama karatu a Tudun Wada, ya haye gada, ya tarad da inji yana jiransa. A 1968 aka ɗaga darajarta ta zama Foliteknik ta Kaduna, a 1991 kuwa Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta. Yau tana da rassa a Unguwar Rimi da Barnawa, ɗalibanta dubbai ne, daga kowane yanki na ƙasar nan.

To, sai zamani ya juya. Masaƙar Kakuri ta farko ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Da aikin da ake koyon sana'ar dominsa ya yi ƙaranci, sai zukatan ɗalibai da na iyayensu suka koma kan takardar shaida kawai. Tsarin karatun dai yana nan yadda aka shimfiɗa shi: shekara 2 a sami ƙaramar difloma, shekara 1 a fita a yi aikin gwaji a wata ma'aikata, a komo a yi shekara 2 a sami babbar difloma. Wannan shekara ta tsakiya ita ce zuciyar al'amarin, gama a cikinta ne hannu ke gaskata abin da kunne ya ji. Amma sau da yawa yaro yakan cinye ta a zaune, ko a shagon wani ɗan'uwa yana tsaron kuɗi, in ta ƙare a sa masa hannu a littafi a ce ya yi aiki. Wanda ya sa hannun nan ya yi shaidar zur, ko da yana ganin taimako ya yi.

Abin mamakin shi ne, kusa da makarantar nan ƙwarai akwai tsohuwar kasuwar Fanteka, inda masu walda da maƙera da kafintoci suke, da masu narka alminiyam su zuba tukwane, da masu haɗa injin niƙa da injin casa. Yawancinsu ba su zauna a aji mai tsawo ba, da dama ma daga makarantar allo suka fito. Ba ɓoyayyen abu ba ne a garin nan cewa waɗansu ɗalibai, in lokacin aikin gama karatu ya zo, sukan ɗauki zanen injin da aka ce su ƙera su kai wa mutanen Fanteka, su biya, su ɗauko abin a gama su miƙa wa malamansu. Mai walda ya sha hayaƙi har idonsa ya yi ja, ya tafi gida da ladan yini, ɗalibi kuwa ya tafi da takardar da za ta sa a kira shi masani har ƙarshen ransa. Wanda ya iya ba shi da shaida, wanda ke riƙe da shaidar kuma bai iya ba. Ina ƙasa za ta je da wannan rabo?

Ma'abuta tsangaya sun fi kowa sanin illar haka, domin a wajensu ba a samun suna da aro. Yaro yakan fara yana kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi, yana wanke allo yana sake rubutawa, yana tishe dare da rana. Ba a kiransa alaramma sai ya haddace kuma ya rubuta Alƙur'ani da ka, manya sun duba sun tabbatar. Wasali ɗaya in ya kauce za a gani. Haka nan a makarantar zaure, ɗalibi yana karantawa ne a gaban malaminsa baki da baki, ba ya wuce babi sai malam ya yarda ya fahimta. Babu wanda ya taɓa jin an yi hayar wani gardi ya rubuta wa wani, sa'an nan aka naɗa mai hayar gwani. Abin takaici, malaman da ba za su yarda da wannan a tsangayarsu ba su ne suke karɓar takarda daga hannun ɗansu su yi ta sa albarka, ba su tambaye shi ko sau ɗaya ya nuna musu abin da hannunsa ya iya ba. Jiya an guje wa boko ba tare da bincike ba, yau kuma an rungume shi ba tare da bincike ba, duk kuwa sakaci ɗaya ne.

'Yan kasuwa ma haka. Mutumin da ba ya sayen turmin atamfa sai ya warware ya shafa, ba ya karɓar buhun hatsi sai ya soka ya gani, shi ne yake zuba kuɗin makaranta shekara 5 yana cinikin biri a sama. Yawancin iyaye ba su san ɗakin da ɗansu ke kwana ba. Ɗakunan makaranta ba su isar kowa, saboda haka samari sukan haɗu su kama haya a Tudun Wada ko Tudun Nupawa ko Unguwar Sanusi, uku ko huɗu a ɗaki ɗaya, in wata ya yi nisa a koma garin kwaki da ƙuli. Akwai masu haƙuri a cikinsu, waɗanda ba su rasa jam'i, waɗansu har sukan je Masallacin Sultan Bello su saurari karatu, sa'an nan su kwana suna bita a hasken wayar hannu. Akwai kuma wanda abokai suka ja, iyaye na can gida suna tsammanin yana aji. Ga kuma yajin aiki: daga watan Oktoba na 2013 zuwa Yuli na 2014 malaman irin waɗannan kwalejoji suka daina koyarwa a ƙasa baki ɗaya, fiye da wata 9 samari na zaune. Wanda yake da sana'a a hannunsa bai yi asarar watannin nan ba.

Kada a ɗauka ana cewa mutumin Fanteka ya wadatu daga ilimin aji. Yakan yi awo da ido, ido kuwa ya san kima amma ba mudu ba ne. Yakan ƙera inji biyu su fito ba daidai ba, in ƙarfen ɗaya ya lalace na ɗayan ba zai shiga ba. Bai san lissafin nauyin da ƙarfe zai ɗauka ba sai ya karye, kuma da yawansu suna walda ba abin tsare ido. Waɗannan abubuwa su ne ɗalibi ke karantawa a allon aji. Kowane ɓangare yana riƙe da rabin abin da ɗayan ya rasa.

An fara gyara, kuma wajibi ne a faɗa. A zamanin da Farfesa Idris Bugaje yake shugabancin makarantar, daga 2017 zuwa 2021, an ƙulla hulɗa da masu sana'ar Fanteka don a gwada gwanintarsu a ba su takardar shaidar ƙwarewa. Daga nan aka ɗauke shi ya shugabanci Hukumar Ilimin Sana'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1977 da hedkwata a nan Kaduna. Wannan hanya ta yi kama da ta magabata: a gwada mutum a kan abin da ya iya, sa'an nan a yi masa shaida. Shekaru da yawa masu babbar difloma suna kukan ana fifita masu digiri a kansu wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma, har Majalisar Tarayya ta zartar da dokar daidaita su a 2021, shugaban ƙasa na lokacin bai sa hannu ba. Kukan nasu yana da hujja, amma hujjar tana ƙarfi ne in mai difloma ya iya abin da mai digiri bai iya ba.

Saboda haka abin da ake nema ga mai shago ko gareji ko masana'anta shi ne, in an kawo masa ɗalibi aikin gwaji, ya sa shi aiki na gaske kamar yaron shagonsa, kada ya sa hannu a kan ranar da yaron bai zo ba. Alaramma kuwa da yake da gardawa waɗanda suka sauke, suna ɗinki ko walda ko gyaran babur, ya aika a tambayo yadda ake shiga gwajin nan, domin su ma su sami shaida. Uba kuma, in ya shigo Kaduna saro kaya, ya rage sa'a biyu ya biya Tudun Wada, ya ga ɗakin ɗansa da abokan kwanansa, ya ce a kai shi ɗakin injuna ya ga yaron ya kama aiki a gabansa.