Haɗarin jirgin sama: darasin Termit ga masu binciken Nijar

Ranar 19 ga Satumban 1989, jirgin DC-10 na kamfanin UTA da ya taso daga Ndjamena zuwa Paris ya tarwatse a hamadar Tenere, a yankin tsaunukan Termit da ke arewa da Gure. Mutum 170 da ke ciki duk suka rasu. A Faransa aka sake harhaɗa tarkacen, aka gano ɓurɓushin nakiya, sannan a 1999 kotun Paris ta yanke wa ƴan Libiya shida hukunci a bayan idonsu.

Dokar hukumar jiragen sama ta duniya, OACI, ta ɗora binciken haɗari a kan ƙasar da ya auku a cikinta, tare da rahoton farko cikin kwanaki 30. Ko a 2014, da jirgin Air Algérie ya faɗi a Mali, sai da Bamako ta nemi taimakon ofishin bincike na Faransa, BEA. Yanzu da dangantaka ta yi tsami tsakanin Yamai da Paris tun 2023, wa zai yi aikin?

Ba a koyon wannan aiki a aji kaɗai. Atisaye ake yi: a baza tarkace a fili, a raba ɗalibai rukuni-rukuni. Wasu su zana taswirar inda kowane ƙarfe ya faɗi, wasu su duba injuna, wasu su saurari baƙin akwati, wasu su ji ta bakin shaidu. Da suka haɗa bayanansu ne suke fahimtar cewa tarkacen da ya warwatsu kilomitoci na nufin a sama jirgin ya fashe, ƙarfen da ya lanƙwashe waje kuma na nuna daga ciki fashewar ta fito. Manufar ita ce hana maimaituwa. Neman mai laifi aikin kotu ne.

Sai dai a ƙasar Gure ba ƙwararru ke fara isa ba. Makiyaya ne, da jandarmomi, da masu gari. Wanda ya ɗauke guntun ƙarfe don ya kai wa maƙeri yana iya tafiya da hujjar da ake nema, iska kuma na binne sauran cikin rairayi.

Nijar na da hukumar ANAC, da makarantar EAMAC a Yamai. Idan za su shirya irin wannan atisaye, ya kamata a fita da shi dajin Gure, a gayyaci waɗanda za su tsare wurin kafin masu bincike su iso.