Na'urar Kashe Wari da Kayan Maharbi

Ina so in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai a kan wani sabon abu da samarin unguwarmu ta Sabon Gari masu sha'awar farauta suke ta nuna wa juna a cikin wayar hannu. Wata 'yar na'ura ce da maharban barewa na Amurka ke aiki da ita. Sukan zuba riguna da takalma da sauran kayan daji cikin wata babbar jaka, su zuge, su kunna na'urar, ita kuwa ta yi ta hura wata iska da ake kira ozon har warin jikin mutum ya gushe daga kayan. Nufinsu kada naman daji ya sansano su. Yau mai kuɗi yana iya aikawa a kawo masa ita har Minna, na kuma ji wasu suna cewa da an sayar da amfanin gona za su saya. Ni dai shawarata kada su saya, ga kuwa dalilaina.

Da fari ya kamata mu san ko mece ce wannan iska. Oksijin da muke shaƙa ƙwayoyin zarra biyu ne a haɗe, ozon kuwa uku ne. Ta ukun nan ba ta zauna da gindinta ba, abin da duk ta taɓa sai ta rabu da 'yan'uwanta ta manne masa, ta sauya shi. Wani Bajamushe mai suna Schönbein shi ya raɗa mata suna a 1840, daga wata kalmar Helenanci mai ma'anar jin wari, gama tana da wani kaifin wari irin wanda akan ji bayan an yi tsawa. Ba na musu cewa tana aiki. Tana kashe ƙwayoyin cuta, tana kuma farfasa abin da ke sa tufa wari, tun 1906 ma birnin Nis na Faransa yake tsarkake ruwan sha da ita. Amma fa ita wannan iska ba ta san bambanci tsakanin gumin maharbi da kayan maharbi ba, duka ci take yi.

Abin da ta fi ɓatawa shi ne roba, musamman robar da aka ja ta miƙe. Takan tsinke igiyoyin da suka riƙe jikin robar, sai ka ga ƙananan tsagogi sun fito a gicciye, suna ta zurfi har abin ya tsinke. Masu yin tayar mota sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke zuba kakin zuma irin na masana'anta da wasu magunguna cikin taya don su kāre ta. A farkon shekarun 1950 wani masani mai suna Haagen-Smit, da yake binciken hayaƙin da ya addabi birnin Los Anjalas, da roba ya riƙa auna ozon: sai ya lanƙwasa ɗan yankin roba ya duba minti nawa zai yi kafin ya tsage. To, abin da masani ya ɗauka ma'aunin ɓarna, shi za mu kulle kayanmu da shi cikin jaka ɗaya?

Mai karatu, duba kayan maharbin ƙasarmu na yau ka ƙidaya roba. Fitilar goshi da roba ake ɗaura ta. Takalmin ruwa roba ne. Da yankin tub na keke ake ɗaure kotar bindigar toka idan ta tsage, da shi ake ɗaure kaya a bayan babur. Danƙon da yara ke harbin tsuntsu da shi kuwa ba sai an faɗa ba. Ɓarnar kuma ba ta nuna kanta nan da nan, sai ranar da fitila ta faɗo tsakar dare a dokar daji, ko danƙo ya tsinke ya dawo a fuska. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Har launin tufa ma ba ta bari ba. Da ozon wasu masana'antu suke koɗar da shuɗin wandon jins da gangan don ya yi kamar tsoho, shuɗin nan kuwa ɗan'uwan baba ne da marinanmu ke rini da shi. Rigar da aka rina don ta saje da duhun daji, in ta koɗe ta yi fari-fari, ai ta tona asirin mai ita.

Abu na biyu ya fi kaya muhimmanci, watau huhun mutum. Wani zai ce, ashe ba ozon ba ce malamai suka ce tana kāre mu daga zafin hasken rana, har duniya ta yi yarjejeniyar Montiriyal a 1987 don a tsare ta? I, ita ce, amma waccan tana can sama, kamar kilomita 15 zuwa 35 daga ƙasa. A nan inda muke numfashi guba ce. Tana sa tari da ƙaiƙayin maƙogwaro da ciwon ƙirji, tana tā da asma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ta wuce maikirogiram 100 a kowace mita mai cibi ta iska cikin awa 8. Ba'amurke yana da ɗakin ajiya dabam inda zai kunna na'urarsa ya rufe ƙofa. Mu kuwa a Sabon Gari, inda tun zuwan jirgin ƙasa jama'a ke zaune gidan haya, ɗaki ɗaya shi ne wurin kwana, shi ne wurin ajiya, jariri kuma yana kan tabarma. Ina za a kunna ta?

Na uku, ko da an kashe warin riga sarai, wanda ya sa rigar yana nan da ransa. Yana numfashi, yana gumi. A watan Maris zafin Minna yakan kusa kai digiri 40, kafin maharbi ya yi tafiyar mil guda rigar ta koma yadda take. Tsofaffin maharbanmu, Hausawa da Gbagyi da Nufawa, sun gane wannan tun kafin a san lantarki. Maharbi yakan ɗebi toka ko ƙura ya sake ta, ya ga inda iska ta nufa, sa'an nan ya zagayo ta yadda iskar za ta riƙa busowa daga wajen naman zuwa gare shi. Ya san da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, da damina kuwa daga kudu maso yamma. Yakan turara rigarsa da hayaƙin itace, ya guji turare da sabulu mai ƙanshi da taba. In zai yi sanɗa sai ya ɗaura kan burtu a goshi, ya rarrafa yana gyaɗa kai, gada da mazo su ɗauka tsuntsu ne yake kiwo. Wannan ilmi ne na gaske, ba ya bukatar caji, ba ya kuma cin roba.

Akwai kuma abin da ya kamata mu tambayi kanmu. In da na'urar za ta yi duk abin da masu talla ke faɗa, me zai rage a daji? Dattawa suna ba da labarin gwanki da mariya a wuraren da yau ko zomo sai an sha wuya. Ƙonon daji da saran itace sun riga sun kore su, har sai a wuri irin dajin Zugurma, wanda ke cikin gandun Kainji inda doka ta hana harbi, ake sa ran ganinsu. Abin da nama ke bukata a wurinmu shi ne a bar shi ya hayayyafa, a daina harbin mai ciki da mai goyo.

Mu da za mu fita koyarwa, aikinmu ne mu koya wa yara gwada abu kafin su gaskata talla. Ga gwaji mai sauƙi: a sami robar ɗaure kuɗi guda biyu, a miƙe kowace a jikin ɗan katako, a rataye ɗaya a waje cikin inuwa kusa da hanyar mota, ɗayar kuma a rufe ta cikin kwalba. Bayan 'yan makonni yara su duba da gilashin ƙara girma, su faɗi abin da suka gani. Daga nan a gayyato wani tsohon maharbi ya zo aji ya nuna musu yadda ake karanta iska da toka. Ina roƙon 'yan'uwa da za su je gwajin koyarwa a ƙauyukan Bosso da Paiko su jarraba wannan, su rubuto wa mujallar nan abin da suka samu.